Telan da Ya Ɗinka wa Bishiyar Lemo Ganye

Duk layin shagunan nan babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Tela Tsaf ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ba ya miƙa wa mutum ɗinki sai ya ɗaga rigar sama, ya juya ta gaba da baya, ya datse wani ɗan zaren da babu mai ganinsa sai shi, sannan ya ce, "Yawwa, tsaf." Akwai wani ƙaramin almakashi mai baƙin hannu da ba ya rabuwa da aljihun gabansa. Mutum na tsaye yana ba shi labarin rasuwa, in dai zare ya leƙo daga wuyan rigar mai labarin, sai ka ga hannun Tela ya tafi aljihu da kansa. An sha yi masa faɗa a kan haka, bai daina ba.

Wurin kawunsa ya koyi sana'ar, wani mutum mai zafin rai da kan farke riga gaba ɗaya don kalmasa ta ɗan karkace. A hannunsa Tela ya ɗauko cewa duk abin da ya fito daga layi kuskure ne, kuskure kuwa yanke shi ake yi. Da wannan ra'ayi ya buɗe shago, da shi ya yi aure, da shi ya rene 'ya'ya uku har kowa ya kama gabansa. Matarsa ta yi shekaru a kan kujerar bakin ƙofa tana sa maɓalli da kalmasar hannu, har yanar ido ta fara rufe mata gani. Ko zare ba ta iya zurawa a allura yanzu, amma kullum sai ta biyo shi shago, don ta ce shirun gida ya fi ciwon idon damunta.

Aiki ya ja baya tun da kayan kanti suka cika kasuwa. Sai Tela ya koma zaman tagar baya. Babu wani abin kallo a can: famfo mai ɗiga, tsofaffin tayoyi biyu, katanga, sai wata bishiyar lemun tsami da ba ta wuce taku shida daga tagar ba. Amma tsuntsaye na zuwa shan ruwa a gindin famfon. Autarsu, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta zo hutu ta same shi ya yi tagumi yana kallonsu. Zuwanta na gaba ta kawo masa tsohuwar kyamarar mijinta, mai dogon baki da ke jawo nesa kusa.

"Baba, tunda kallonsu kake yi, ka riƙa ajiye su mana," in ji ta.

Hotunan watanninsa na farko abin dariya ne. Wutsiya, katanga, wutsiya, famfo ba tsuntsu, sai wani abu dishi-dishi da shi kaɗai ya yarda tsuntsu ne. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana bin layin zare ba ya rasa haƙuri. A hankali hannunsa ya faɗa. Ya riƙa kai hotunan a wanke masa, yana rubuta rana da wata a bayansu, yana jerawa a tsohon littafin awo. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, shi ne ganye. Ka saita tsuntsu daidai, ka riƙe numfashi, sai wani ganye marar tarbiyya ya gitta masa a fuska.

A cikin baƙin famfon akwai wata 'yar tsuntsuwa mai ruwan ƙasa, kanta baƙi kamar ta sa hula. Tela bai san sunanta ba. Ya tambayi maƙwabcinsa mai kemis, mutumin da bai taɓa cewa bai sani ba, ya ba shi sunaye uku a zama ɗaya. Sai Tela ya raɗa mata Mai Hula, ya huta.

Ita ce ta yi sheƙa a bishiyar lemon, daidai tsayin kafaɗar mutum. Ranar da Tela ya leƙa ya ga sheƙar, sai da ya cire hularsa ya mayar. Ga saƙa zagaye kamar ƙoƙo, babu tsinke ɗaya da ya fita daga layi, ga ƙwai biyu masu ɗigo-ɗigo a ciki. Ya ji wannan 'yar sana'a ce irinsa. Ya koma taga ya ɗaga kyamara, ganye ya rufe komai. To, me tela zai yi? Ya jira uwar ta tashi, ya fita, ya datse ganye huɗu da wani ɗan reshe, ya ja da baya ya duba. "Yawwa, tsaf." Hoton da ya samu ranar nan bai taɓa samun irinsa ba.

Bayan kwana biyu ya leƙa, babu ƙwai ko ɗaya.

Kai tsaye ya nufi kemis. Akwai wata kyanwa mai ƙiba da ke kwana a kan kantar magani, ita ya tsare da ido.

"Likita, kyanwarka ta yi mini ɓarna."

"Wace irin ɓarna, Tela? Yadi ta ci?"

"Ƙwai ta sha. A kan bishiya."

"Wannan?" Mai kemis ya nuna ta da biro. "Wannan ko kujera sai an ɗora ta. Ka je ka nemi ɓarawonka a wani wuri."

Sati biyu ba su gaisa ba. Tela ya samo langa-langa ya naɗe gindin bishiyar yadda ko ƙadangare ba zai hau ba, ya zauna yana jiran Mai Hula ta sake.

Ta sake kuwa, a wani reshe na gefe. A wannan karon har aka ƙyanƙyashe, 'ya'ya biyu jajaye, ba gashi, baki ya fi jiki girma. Tela ya fita da almakashinsa ya gyara musu wuri kamar yadda ya saba. Da rana ta take, haske ya sauka a kansu sosai, har jijiyoyin wuyansu ana gani a hoto. Ya kwana yana murna. Kwana uku bayan haka ya tarar da su a cikin sheƙar, baki buɗe, sun sandare. Babu rauni, babu jini, babu alamar haƙori.

A nan kansa ya ɗaure. Da an cinye su, da ya san wanda zai zarga. Ya ɗauko su a tafin hannu ya kai wa mai kemis, ya manta ma suna gaba. Mai kemis ya sa tabarau ya juya su, ya ce tsoro ne ya kashe su, ƙarar kyamara ce. Matarsa ta ce ko dai farar rigarsa ce ke firgita uwar ta ƙi zama. Wani da ya kawo ɗinkin wando yana jiran a gama masa ya ce ai ƙarar keken ɗinki ce. Tela ya rasa na kamawa, sai ya kama duka. Ya ɗinka wa kyamarar riga mai auduga a ciki har ba a jin ƙararta. Ya ɗinka wa kansa koriyar riga har ƙasa, da hula koriya. Ya janye keken ɗinki zuwa bakin ƙofa, can nesa da taga. Mutanen layi suka fara tambayar matarsa a ɓoye ko lafiya.

Shekara ta zagayo, Mai Hula ta yi sheƙa ta uku. 'Ya'ya uku ta samu. Tela ya bi duk ƙa'idodinsa ɗaya bayan ɗaya: langa-langa na nan, kyamara ba ta tari, shi kansa ya zama kore kamar ganye, ko turare ya daina shafawa. Ya gyara wurin tsaf, ya ɗauki hotuna. Da safiyar kwana na biyar ya tarar da sheƙar a yage, rabinta na lilo, 'yan gasu a ƙasa. A kan katanga hankaka na goge bakinsa.

Sai dai hankaka bai warware masa komai ba. Hankaki sun riga shi zama a layin nan. Kuma a wannan watan, a wannan bishiyar, ta ɗaya gefen da ba a gani daga taga, wata tsuntsuwa ta fitar da 'ya'yanta lafiya lau. Bai ma san da su ba sai ranar da ya ga suna koyon tashi. Ya zauna da littafin awonsa yana buɗe shafi yana rufewa. Na farko an sace, na biyu sun mutu a kwance, na uku an yaga. Mutuwa iri uku, babu mai kama da wata. Abin da ya haɗa su ɗaya ne tak, duk shi ya ɗauke su hoto.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya fara zargin idonsa. Ya daina kallon jikokinsa a hoton da ke bango, kada wani abu ya same su. Abinci ya fita ransa. Ya tura kyamarar can ƙarƙashin buhun ƙyallaye. Da Auta ta bugo waya ya faɗa mata, ta yi dariya, sannan ta ji muryarsa ta daina.

"Baba, kyamara ba ta kisa. Wallahi ba ta kisa."

"To me ke kisa, Auta? Ki faɗa mini in daina."

 

Da Mai Hula ta fara jidar tsinke a karo na huɗu, Tela ya rantse ba ruwansa. Ya juya kujerarsa ya ba taga baya. Ta yi ƙwai bai leƙa ba. Ta yi kwanci bai leƙa ba. Aka ƙyanƙyashe, ya fara jin 'yan muryoyinsu suna tsiwa duk lokacin da uwar ta dawo, ya toshe kunne da ƙarar keke. Kwana huɗu ya yi yana wannan jarumta. A na biyar, da sassafe, tun matarsa ba ta iso ba, zuciya ta ce masa hoto ɗaya kawai. Ya tono kyamara, ya zura koriyar riga, ya fita da almakashi. 'Ya'ya uku ne, idanunsu ba su gama buɗewa ba. Ya gyara, ya koma taga, ya ɗauka, ya mayar da komai inda yake kamar ɓarawo.

Da hantsi matarsa ta zo taga shan iska. Ta ɗan tsaya, ta ƙanƙance ido, sai fuskarta ta washe.

"Kai, Malam! Yau dai ni ma na ga sheƙar nan taka. Ga wasu abubuwa can suna motsi."

Ya ci gaba da goge abin da ya riga ya goge.

"Amma jiya na tsaya a nan ban ga komai ba. Me ya sami bishiyar ta yi sanƙo a wurin?"

"Ɗan gyarawa na yi."

"Gyaran me?"

"Ganye. Ya tare hanya, ba a ganinsu."

Ta juyo ta dube shi da idon nan nata mai yana. "Sauran ma haka ka gyara musu?"

"Kowace sheƙa. In ba haka ba ta yaya hoto zai fita?"

 A hankali ta yi magana, yadda ake gaya wa mutum rasuwa.

"Malam, ni da ba na ganin kafar allura na hango su daga nan. Hankaka fa?"

Ya buɗe baki zai yi musu. Ai gyara ya yi, bai taɓa sheƙa ba, bai taɓa ƙwai ba, ganye ne kawai, ganyen da ya fito daga layi. Sai ya fasa. Ya tuna hasken nan mai kyau da ya sauka a kan 'ya'ya biyu da rana tsaka, wanda ya kwana yana murna da shi. Inuwarsu ya yanke. Ya ƙirga a yatsa, ƙwai biyu, 'ya'ya biyu, 'ya'ya uku. Bakwai. Ya zargi kyanwa, ya zargi keke, ya zargi rigarsa, ya zargi idonsa, ashe abin na aljihunsa. Ya dafa teburin yanka ya zauna. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun ranar da kawunsa ya farke masa ɗinki a gaban mutane.

"Zama ba naka ba ne," in ji matarsa. "Rana na tahowa."

Ya miƙe ya fita a ruɗe. Ganyayen da ya yanke suna nan a ƙasa. Ya tsince su, ya zura zare a allura, ya shiga ɗaure su a reshe ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na sukar hannunsa, Mai Hula da mijinta na kansa suna zazzaga masa masifa. Wurin ya ɗan rufu. Kafin yamma ganyayen sun yi yaushi, sun nannaɗe, sheƙar ta sake fitowa fili.

Ya tsaya a taga yana kallo, ya rasa inda zai sa kansa. Ganye ba ya komawa reshe, wannan ko yaro ya sani. Sai idonsa ya faɗa kan koriyar rigar nan da ke rataye a ƙusa. Ya sauke ta ya shimfiɗa a tebur. Ya tsinko ganyen lemo ɗaya daga can ƙasa, ya ɗora, ya zagaye shi da alli. Ganye ashirin da biyu ya yanka, kowanne ninki biyu da ƙyalle mai tauri a tsakiya don kada ya langaɓe, har jijiyar tsakiya sai da ya bi da keke. Matarsa na karɓa tana shafawa da yatsa, tana ware waɗanda bakinsu bai kwanta ba.

Washegari da gari ya waye ya jira iyayen suka fita kiwo, ya je ya ɗinke su a jikin rassan, sama da gefe, ya bar 'yar ƙofa ta inda ya saba ganin uwar na shiga. Yana cikin haka mai kemis ya leƙo ta kan katanga da burushi a baki.

"Tela, lafiya? Bishiya ce ta kawo ɗinki?"

"Likita, don Allah yi ƙasa da murya."

Mai kemis ya dubi hannun Tela duk jini, ya dubi fuskarsa. A karon farko a rayuwarsa bai ba da bayani ba. Ya sauka, ya je ya kulle kyanwarsa a ɗakin ajiya ba tare da an roƙe shi ba.

Mai Hula ta dawo da tsutsa a baki. Ta sauka a reshe, ta ga abin da ba ta bari ba, ta yi tsalle baya. Ta koma katanga. Ta dawo, ta karkata kai, ta sake gudu. 'Ya'yan na ciki suna kuka. Tela na tsaye a bayan labule. Ko ya je ya cire? In ya cire, rana da hankaka. In ya bari, yunwa. Ya kama hanyar ƙofa, ya dawo, ya sake kamawa.

"Ka zauna," in ji matarsa. "Ka yi naka, ka bar ta ta yi nata."

Sai da inuwar katanga ta janye daga kan tayoyin nan sannan tsuntsuwar ta yi shahada ta kutsa. Kukan ya tashi sama, sannan ya lafa. Ta fito bakinta babu komai.

Kwanaki tara da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwar Tela. Ba ya ganin komai sai koren ƙyalle. Ga kyamara a gefensa, babu abin ɗauka. Ya koma ƙirga shigar uwar da fitarta, matarsa kuma ta koma sauraro, don kunnenta ya fi nasa. Wata rana ta ce murya uku take ji, washegari ta ce kamar biyu, da yamma ta ce a'a, uku ne. Aka yi ruwa, ganyen ƙyallen suka jiƙe suka yi duhu, ya hana kansa sukuni ko suna ɗiga a ciki. Hankaka kuwa kullum sai ya zo katanga ya zauna, ya karkata kai yana duban bishiyar. Tela ya rasa abin yi da shi. In ya kore shi, kamar ya gaya masa akwai abin ɓoyewa. In ya ƙyale shi, zuciyarsa ba ta ɗauka. Sai ya zauna yana hararar sa ta bayan labule, ɗinkin mutane na jibge a tebur.

A safiya ta goma suka buɗe shago suka ji shiru. Uwar ba ta shiga ba, ba ta fita ba. Matarsa ta kasa kunne har ta gaji, ta girgiza kai. Tela ya zauna a kan kujerarsa, hannu a cinya. Shirun nan ya san shi, sau uku yana jinsa.

Can da hantsi matarsa ta ɗaga yatsa. "Tsaya. Ba daga sheƙar ba ne. Daga sama ne."

Ya leƙa. Can cikin duhun rassan sama, inda ganyen gaske ya yi cunkus, wani ɗan abu bujuju mai guntuwar wutsiya ya maƙale a reshe, yana karkaɗa fukafukai. Mai Hula ta sauka kusa da shi ta cusa masa wani abu a baki. Sai ya yi tsalle ɗaya, ganye ya haɗiye shi. Idon Tela ya ciko, bai ɓoye ba.

"Nawa ne?" in ji matarsa.

"Ɗaya na gani."

"Sauran biyun fa?"

"Ban sani ba."

"To je ka ɗaga ganyen ka duba mana, hankalinka ya kwanta."

Ya miƙe har ya kai bakin ƙofar baya. Hankaka na kan katanga a wurinsa na kullum, yana juya kai hagu da dama. Tela ya daɗe a tsaye yana duban bishiyar, bai ga komai ba sai kore. Ya jawo ƙofar ya rufe.

"A'a," ya ce. "In ni ban gan su ba, shi ma bai gan su ba."